Kujerar da Na Goce Wa

Ƙanwata Auta na kwance a asibiti da ɗinki daga kafaɗa har gwiwar hannu. Wani ne mai hular kwano ya sare ta a ƙofar shagonta na takalma, bayan ya daɗe yana turo mata barazana ta shafin shagon na intanet. 'Yan sanda suka ce mu kawo adireshin da saƙonnin suka fito, su kuma su kamo shi.

Ni ke kula da sabar, kwamfutar da ke ɗauke da shafin, a ɗakin ajiya tsakanin kwalaye. Duk wanda ya shiga shafin, tana rubuta adireshinsa a fayil ɗin log. Na buɗe fayil ɗin, wayam.

Da na bi diddigi sai na gane. Lokaci-lokaci tsarin yakan ture tsohon log gefe ya buɗe sabo, daga baya ya goge tsohon. Amma sabar ba ta samu umarnin komawa kan sabon ba. Ta ci gaba da rubutu a cikin fayil ɗin da aka riga aka goge. Muddin tana kunne, yana nan a hannunta, ana iya kwafo shi. Tana mutuwa, ya bi ta.

Na fara kwafa ke nan Yaya ya banko ƙofa, rigarsa duk baƙin mai na gareji. Shi mutum ne da maganin kowace na'ura a wurinsa duka ne.

"Ina sunan ɗan iskan?"

"Yaya, ka ɗan dakata."

Ya leƙa allo, ya ga farin fili. "Wannan ne aikin naka? Kashe ta ka kunna!"

"Wallahi in ta mutu mun rasa shi."

"Ko dai abokinka ne kake rufa masa asiri?"

Nan zuciya ta ɗebe ni. Ƙanwata fa! Na ce masa in da ƙarfi ne ke kama mugu, da yana ƙofar shago ranar. Mari ya sauka a kunnena. Ya kai hannu ga wayar wutar sabar, na danƙe wuyan hannunsa, na kai masa karo a haɓa. Muka zube cikin kwalaye, takalman yara suna ruwa a kanmu. Ya shaƙe ni har na ga duhu, na gantsara masa cizo, ya saki. Jini a bakina, ban san na waye ba.

Ya suri kujerar ƙarfe ya wurgo. Jiki ya riga tunani, na goce.

Ta daki sabar. Fankar cikinta ta yi shiru.

Da na samu ta tashi, log ɗin ya kama aiki lafiya lau, sabo fil, ba komai a ciki sai shigata. Abin da na kwafo ya tsaya tun kafin saƙon farko.

Wayar Yaya ta yi ƙara a ƙasa. Auta ce. Ya dube ni, na dube shi, babu wanda ya sunkuya.

Da na tsaya, kujerar nan ƙashi ɗaya kawai za ta karya mini.