Hannun Hagun Baba Firmin

Shekara talatin da ɗaya Firmin Dubosc ya yi yana fitar da tantabara daga hular mutane a gidajen wasa na Paris, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa kama hannunsa ba. Abin alfaharinsa ke nan, ba shi da wani. Gidan da yake ciki na haya ne, gashin kansa ya daɗe da yin sallama, haƙora ma sun fara bin sahu. Amma duk ranar Laraba, idan ya shiga shagon gahawar da 'yan dabo suke taruwa, sai an tashi an ba shi kujerar kusa da murhu.

A hunturun 1904 yatsunsa suka fara yi masa gardama. Sanyin ƙashi ne. Kullum da safe sai matarsa Zélie ta tsoma masa su a ruwan ɗumi kafin su yarda su riƙe cokali. Ya san saura shekara ɗaya, in an yi sa'a biyu. Shi ya sa ya haɗiye girman kansa ya amsa kiran Pujol, mai ɗakin ɗaukar fim a Montreuil. Abu ɗaya tak yake so, a ɗauki wasan tantabarar nan yadda yake yin sa, da hannu, domin idan yatsun suka mutu a san cewa sun taɓa yin aiki.

Ɗakin Pujol duk gilashi ne, sama da gefe, saboda hasken rana kawai ake aiki da shi. Ciki zafi kamar tanda, ga warin fenti da gam. Komai an shafe shi da fenti ruwan toka, har furen da ke kan tebur. Shi kuwa Pujol, wanda shekara biyar da suka wuce lema yake sayarwa a bakin tasha, yanzu ya ɗaura gyale a wuya yana ba mutane umarni da sanda.

“Baba Firmin! Sannu da zuwa, sannu da hanya. Ina tsuntsuwar? Madalla. To ga yadda za a yi, abin ba wuya. Ka nuna hula babu komai. In na ce tsaya, ka daskare, ko ƙifta ido kada ka yi. Gaspard zai daina juya hannun kyamara. A saka tantabara a hula, a ci gaba da juyawa, ka fito da ita. Daga baya Ursule ta gyara mahaɗar da almakashi. Shi ke nan, sai mu tafi cin abinci.”

Firmin ya dube shi tun daga gyale har takalmi.

“Wa zai saka ta a hular?”

“Duk wanda ke kusa. Kafinta ma ya iya.”

“Kafinta.”

“Haba, jiya shi ya mayar da wata baiwar Allah ƙwarangwal, ya kuma dawo da ita. Ko guduma bai ajiye ba.”

“To me ya sa ka kira ni, Malam Pujol? Ga kafintanka nan.”

“Saboda sunanka mana! Shi wa ya san shi?”

Gaskiya ce, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona masa rai. Firmin ya ajiye kejin tantabarar a ƙasa a hankali, don in bai ajiye ba zai iya jifan wani da shi. Ya ce shi ba a tsayar masa da inji. Ya ce abin da suke yi ba dabo ba ne, ɗinki ne, tela ma ya fi su gaskiya tunda shi ba ya ɓoye zarensa. Pujol ya ce jama'a ba ruwansu, su dai su ga tantabara. Firmin ya ce shi da ruwansa. Suka yi ta ja, Gaspard mai kyamara ya zauna kan akwati ya yanka burodi da cuku yana kallonsu, rana kuwa tana ta tafiya abinta.

Sai da girgije ya fara tasowa daga yamma Pujol ya ɗaga hannu sama.

“Na ji, na ji! Yi yadda kake so, dattijo. Sau ɗaya. In ka ɓata mini fim, kafinta zai sa rigarka. Gaspard, tashi ka bar cukun nan.”

Firmin ya koma bayan labule ya shirya, Zélie ta gyara masa bayan doguwar rigarsa, ta murza masa yatsu har suka yi ɗumi. Ya fito ya tsaya kan layin allin da aka zana masa. Ya karɓi hular Pujol da kansa, ya juya ta, ya buga ta, ya zura hannu ciki har gwiwa. Ya ɗauko lemo daga kan tebur. Yana ta zuba surutu irin nasa na dandamali, ko da yake an gaya masa sau uku cewa inji ba ya jin magana. Bakinsa ya saba, ba zai iya yin shiru ba.

“Wannan lemon, jama'a, kakata ce ta bar mini shi. Ta ce ranar da ya taɓa sama, arziki zai sauko. Ku duba!”

Ya wurga lemon sama da hannun dama, da ƙarfi, har ya kusa taɓa gilashin rufi. Kowa ya ɗaga kai. Pujol ya ɗaga, kafinta ya ɗaga, masu fenti biyu sun ɗaga, har Gaspard ya ɗaga kansa daga jikin kyamara, hannunsa dai bai daina juyawa ba. Lemon ya dawo tafin Firmin. Ya karkata hular, farar tantabara ta fito tana kaɗa fiffike.

Aka ɓarke da tafi. Pujol ya fizge hularsa yana leƙa ciki, yana shinshinawa.

“Kai! Ta ina? Na rantse ina kallon hannunka! Baba Firmin, don Allah ta ina?”

“Tambayi kafinta,” in ji Firmin.

Ran nan da ƙafa ya koma gida don daɗi, Zélie tana bin sa da keji tana mita.

Bayan kwana biyu aka kira shi ya zo ya gani. Da rana tsaka aka ja labulen ƙaramin ɗakin baya, aka kunna majigi. Su biyar ne a ciki, da shi da Zélie da Pujol da Gaspard, sai Ursule mai yankan fim, wata doguwar mata mai tabarau wadda ba ta cika magana ba. Ga Firmin nan a jikin farin ƙyalle, ɗan ƙarami, yana motsa baki kamar kifi, ba abin da ke fita. Ya juya hula. Ya ɗauki lemo. Ya wurga.

Lemon ya fice ta saman hoton, ya ɓace. Babu shi, babu ihun “ku duba”, babu abin da ido zai bi. Sai idon ya zauna inda yake. Kuma a nan, a fili, kowa ya ga hannun hagun Firmin ya sulale bayan riga, ya zaro tantabara daga aljihun da Zélie ta ɗinka, ya tura ta cikin hula. Cikin sauri ne, kuma da kyau aka yi, amma an gani.

“Au,” in ji Ursule, ba da mugunta ba. “Ashe daga bayan riga take fitowa.”

Firmin ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Kunya ta rufe shi, haushi ya biyo baya, ya rasa wanda zai ɗora wa. Duk rayuwarsa idon mutane yake aike, ya ce su je can su je, ya ce su dawo su dawo. Ko da wasa bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai idon da ba ya aikuwa ba. Ya yaudari mai kyamara, ya manta da kyamarar.

Pujol kuwa dariya yake har da riƙe ciki.

“Wayyo! Ni da nake tsaye kusa da kai kamar gunki! Gaspard, sake kunnawa mu gani.”

“Kada ka sake!” Firmin ya daka tsawa. “A sake ɗauka. Ka ja injin baya, lemon ya fito a hoton har sama.”

“In na ja baya har rufi ya fito,” in ji Gaspard, “ƙarafunan gini za su shigo, kai kuma ka koma kamar ƙuda. Tantabarar ko ganinta ba za a yi ba.”

“To zan rage tsawon jifan.”

Zélie ce ta ba shi amsa, a hankali, ba ta dube shi ba.

“In ka rage, lokacin ba zai ishe ka ba, Firmin. Da can ma da ƙyar yake isa. Balle yanzu.”

Ya so ya yi mata faɗa, amma ita ce take tsoma yatsun a ruwa, ta fi kowa sanin abin da ya rage a cikinsu.

Pujol ya share hawayen dariya ya ce shi a wajensa ma haka ya fi. A bar shi yadda yake, a rubuta a ƙofa cewa ga asirin Firmin Dubosc an tona, jama'a za su yi layi har bakin titi. Firmin ya tuna da teburin Laraba. A sana'arsu ba a faɗa. Ba a faɗa wa aboki, ba a faɗa wa limamin coci, wanda ya koya masa ma sai da ya sa shi rantsuwa. Kuma ba nasa kaɗai ba ne, mutum huɗu a wancan tebur da irin wannan aljihun suke ciyar da iyali. Wanda ya tona, in ya shigo shagon, kowa sai ya juya masa ƙeya har ya mutu.

Firmin ya juya wajen Ursule.

“Madam, almakashin nan naki. Zai iya cire wurin kawai?”

Ta zare fim ɗin, ta ɗaga shi a hasken taga tana ƙirgawa da farce.

“Hoto goma sha huɗu. Daga tashin lemo zuwa dawowarsa. Amma zai ɗan yi tsalle a mahaɗar, ba yadda zan yi.”

“Yanke.”

Ƙaras, ƙaras. Ta kankare bakin, ta shafa gam, ta danne da yatsa. Guntun da ta cire bai kai kamu ɗaya ba. Firmin ya miƙa hannu ya karɓa, ya laluba aljihu ya ciro ashana.

“Kai, dattijo, ba a nan ba!” Ursule ta yi tsalle ta riƙe shi. “Ka ƙone mu duka? Fita waje!”

A tsakar gida, kusa da famfo, ya ƙyasta. Abin ya kama fuu, kafin ya janye hannu ya zama toka.

Wata ranar Lahadi da la'asar, bayan wata guda, aka nuna fim ɗin a wata rumfar majigi a filin bikin unguwa, tsakanin mai sayar da soyayyen dankali da mai lilo. Zélie ta ce kada ya je. Ya je. Ya zauna a benci na uku, ya ja hularsa ƙasa. Kusa da shi wani ƙaton mahauci ne da matarsa, sun sha kwalliyar Lahadi, suna cin gyaɗa suna zubar da ɓawo a kan takalminsa.

Aka fara nuna kafinta sanye da rigar shaiɗan yana ɓatar da kujeru ɗaya bayan ɗaya. Aka yi dariya. Sannan ga Firmin. Ya juya hula, ya wurga lemo, hoton ya ɗan yi tsalle, lemo yana tafinsa, tantabara ta fito. Aka ɗan tafa, daidai yadda aka tafa wa kujeru.

“Kin ga tsallen nan?” mahaucin ya zunguri matarsa. “Nan suka tsayar da injin. Wani ya zo ya saka tsuntsuwar, suka ci gaba. Ƙanin matar yayana yana musu fenti, shi ya gaya mini. Ni ma in aka ba ni riga zan yi.”

Firmin ya yi niyyar yin shiru. Bakinsa ne ya ƙi.

“Ba a tsayar da injin ba.”

Mahaucin ya juyo ya dube shi. Bai gane shi ba, ina zai gane tsoho mai tari da wancan ɗan ƙaramin mutum na jikin ƙyalle.

“Ba a tsayar ba? To tsallen fa?”

“An yanke wani abu ne. Amma da hannu ya yi. Da hannunsa.”

“To me aka yanke, in da hannu ya yi?”

Firmin ya buɗe baki. Amsar tana nan a kan harshensa, kalma biyar ko shida, kuma ita kaɗai ce shaidar da ta rage masa a duniya. Mutanen benci biyu sun juyo suna jira. Ya ji zuciyarsa tana tafasa, ya ji kamar ya fashe da kuka don takaici. Ya rufe bakin.

Mahaucin ya yi murmushi irin na tausayi, ya dafa masa kafaɗa, ya zuba masa gyaɗa a hannu.

“Kada ka damu, Baba. Ni ma farkon ganina haka suka ruɗe ni. Ci gyaɗa.”