Jaririn da Baba Ya Ɓoye

…kuma ba ya ƙarƙashin katifa, ta ɗaga ta har ƙugunta ya amsa. Ba ya cikin gwangwanin sukari. Ba ya cikin takalman zuwa coci — ee, har can ta leƙa, ita Auta, mace da girmanta, tela da ɗinkin mutane jibge a shago, ga ta durƙushe tana zazzage takalmin tsoho a jajibirin Kirsimeti. Wannan wace irin rayuwa ce?

Ga komin dabbobi can a falo, an jera kowa. Maryamu a durƙushe, Yusufu da sandarsa, makiyaya, jakin nan mai kunne ɗaya. Tsakiya kuwa wayam, sai ciyawa. Dokar gidan ke nan tun kafin a haife ta: jariri Yesu ba ya kwanciya a komi sai an yi addu'ar jajibiri. Baba ke ɓoye shi shekara guda cur, Baba ke zaro shi daga aljihu yana murmushi kamar shi ya haife shi. Ɗan sassaƙen katako da bai wuce yatsa ba, yau shi ke neman sa mata hawan jini.

Baba, ina kuka ajiye shi? Ta tambaya da safe, ta tambaya da rana.

"Yana nan."

Yana nan ina?

"Yana inda yake."

Ji amsa don Allah! Ga shi can bakin taga da carbinsa, hankali kwance. Mutumin da shi ne kalandar gidan nan… Ranar Laraba ta Toka, wa ya isa ya goge tokar da aka shafa masa a goshi a coci kafin a tashi daga makaranta? Yara na yi musu dariya, shi ko oho. A cikin azumi ka kuskura ka rera Haleluya, ko a banɗaki ne, sai ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ganyen dabino a saƙale bayan gicciye har shekara ta zagayo. Yanzu fa? Tun da Mama ta rasu bayan Ista, kowace rana Jumma'a ce a wurinsa: kada a dafa nama, a kawo kifi. Kifi Litinin, kifi Talata, har kayan shagonta ƙarni suke yi. A watan Maryamu ya ja addu'ar carbi ya maƙale a tsakiya, yana ta maimaita wuri guda, ita gwiwa na mata zogi. Ranar tunawa da matattu, za su tafi kabarin Mama, ya tsaya a bakin ƙofa wai a jira Mama ta ɗaura ɗankwali…

A'a. Ba yanzu ba. Ba ta da lokacin kuka, shinkafa na kan wuta.

Ga Yaya kuma yana hanya. Yaya mai zuwa sau ɗaya a shekara da katan ɗin lemo da buhun shawara. "Auta, ki daina rufa-rufa. Zan zo in gani da idona. In har ya manta da jaririn nan, magana ta ƙare, a rufe gida ya dawo wurinmu." Wurinsu! Saman bene, inda Baba ba zai ji ƙararrawar coci ba, ba maƙwabcin da ya san shi, kabarin matarsa tafiyar yini. Kwana nawa zai yi a can? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma je ka gaya wa Yaya.

Ta ma sayo wani jaririn a kasuwa, yana cikin jakarta. Na roba, idanu shuɗaye, ya fi Maryamun girma — jaririn da zai iya goya uwarsa. Wa za ta yaudara? Yaya da kansa ya gatsa ƙafar na ainihin yana yaro, shatin haƙorinsa na nan.

Saura wuri ɗaya. Ta san saura wuri ɗaya, tun safe take kewaye shi. Kabad ɗin Mama, da ba a buɗe ba tun ranar… To, a buɗe! Me zai cinye ta?

Ƙamshin. Wayyo, ƙamshin nan.

Zannuwa a ninke. Jakar zuwa coci, baƙa, mai maɓallin da ke cizon yatsa. Alewa biyu da suka narke, guntun kyandir na daren Ista, hankici a ƙudundune. Cikin hankicin kuwa wani abu mai tauri.

Shatin haƙori.

A jakar Mama? Me ya kawo shi jakar Mama? Ai Baba ke… ai kowa ya san Baba ke…

"Tsaya in gyara maka rigar nan, kai kullum aljihu a karkace." Bara ke nan, gab da addu'a, Mama ta matsa jikinsa, ta juya wa yara baya, hannunta a bakin aljihun. Bara waccan ma haka. Da wadda ta gabace ta? Da ɗan tarin nan da take yi in ya tsaya a carbi, sai ta rigaye shi da kalma ɗaya, shi kuma ya ɗora da babbar murya kamar shi ya tuna. Da yadda take cewa da ƙarfi tun Alhamis, "Gobe Jumma'a, bari in nemo kifi"…

Haba, Mama. Tun yaushe? Shekara nawa kina ɗauke da wannan ke kaɗai, muna tafa masa? Ki tafi ba ki ce mini uffan ba — ki bar ni ina yi masa tsawa tun safe, alhali gaskiya ya faɗa. Yana inda yake.

Ƙarar mota a ƙofar gida. Ham, ham — Yaya bai taɓa iya jira ba.

Ta fito falo, jaririn a dunƙule cikin hannunta. In ta buɗe shi gaban Yaya, ta faɗi gaskiya, ta huta. In ta rufe… kifi, da carbi, da ƙarya, kowace shekara, ita kaɗai, har sai yaushe? Ta gaji. Allah ya sani ta gaji.

Baba ya riga ya miƙe. Ya tsaya gaban komi, ya shafa aljihunsa, babu komai. Bai damu ba. Ya ɗan juya gefe, ya ɗage hannu daga kan aljihun, yana jira a zo a gyara masa riga.

Shinkafa na ƙauri. Ana buga ƙofa.