Ramin Haƙorin Inna Marka

Sai da haƙori ya hana Inna Marka tauna goro kafin ta yarda ta hau kabu-kabu daga Adabka zuwa wurin likitar haƙori a Gummi. An gaya mata likitar tana ɗaukar hoto, don haka ta sha kwalli, ta ɗaura sabon zane.

Likita Amira ta kwantar da ita a kujera, ta zura mata wata siririyar kyamara mai kama da buroshi a baki. Nan take haƙorin ya cika fuskar kwamfuta, ga wani baƙin rami a tsakiyarsa kamar na masu haƙar zinari.

"Wanga abu cikin bakina yake?" in ji Inna Marka.

"Kyamara ce ta ƙara masa girma, Inna. Bai kai ƙwayar dawa ba. Yanzu zan cike shi."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon hoton. Ɗanta Ɗanmusa ne ya faɗo mata a rai. Yana da shagon kayan babur a Anka, rabonsa da gida tun ƙaramar salla, kullum a waya sai ya ce yana nan tafe. Ta kwance ƙaramar wayarta daga haɓar zane.

"Ɗiyata, ɗauki lambar Ɗanmusa ki aika mishi hotonga."

"To, sai in rubuta masa cewa ƙaramin abu ne."

"Kak ki rubuta komi. Ki ce dai bakin Inna ne. Ƙarya ce?"

Likita ta yarda ba ƙarya ba ce. Ta danne dariya, ta tura.

Ana cikin cike haƙorin wayar ta dinga ƙara. Inna Marka ta ɗaga yatsa, kada a taɓa.

Washegari da hantsi Ɗanmusa ya faɗo gida, ƙura har gira, matarsa Hajara a bayan babur riƙe da kular kunu. Suka iske Inna a gindin darbejiya tana gwaguyar gasasshiyar masara.

"Inna, ina ramin?"

"An cike."

"Duka? Ai na nuna wa mutane a kasuwa, kowa sai salati."

"Likitar ta iya aikinta," ta ce. "Tun da ka zo, dangar bayan gida ta hwaɗi, awaki suna shigo mini."

Ya gyara danga, ya ɗinke rufin rumbu, ya zaga gaida dangi. Sai da suka kwana suka kama hanya. Ya ƙi wucewa Anka kai tsaye, ya karkata ta Gummi, ya nemi likita ta nuna masa ainihin haƙorin. Ta sa masa hoton farko da na bayan gyara gefe da gefe, sannan ta gwada masa girman ramin a bakin farcenta.

Ɗanmusa ya cire hula ya sosa ƙeya, Hajara tana ta ƙyalƙyala dariya a bayansa.

"Likita, don Allah in ta sake cewa ki turo, ki kira ni tukuna."

"Sai dai ka zo da kanka," in ji Amira. "Akwai wani haƙorin a hagu, ta ce sai bayan girbi, kuma kai za ka kawo ta."