Kunya a Layin Mugayen Kalmomi

Sati biyu Mairo Yalwa ta ce za ta yi a Gaya ta Nijar, ta ga uwarta ta koma Faransa ta ƙarasa digirinta na dokta. Kwana tara da zuwanta sojoji suka ƙwace mulki a Yamai. Aka rufe gadar Malanbil ta iyakar Benin, aka daina ba da biza, kamiyoyi suka yi layi a bakin hanya har albasar cikinsu ta ruɓe. Mairo ta zauna gida da akwatin sati biyu da ordinata ɗaya, wato kwamfuta, ga shi Najeriya ta yanke wuta.

Abu ɗaya ya rage mata. Sai ta fitar da sakamakon bincikenta an buga shi da sunanta a gaba, sannan jami'a za ta yarda ta kare aikinta. Profesan da ke kula da ita ya rubuto cewa ƙarshen wata za a rufe mata hanyar shiga na'urar laburatuwa, ɗakin bincikensu, tunda ba ta sake rajista ba. Sai ka ce ita ta yi juyin mulkin.

Hausawa talatin da huɗu ta bi kasuwa-kasuwa a can Faransa ta lallaso, suka kwanta cikin injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ana karanta musu kalmomin Hausa. Lissafin da take haɗawa, wanda masu sana'ar ke kira PPI, layi uku ne. Na farko motsin wani ɗan gurbi na ƙwaƙwalwa da ke kula da tsoro da murna. Na biyu irin kalmar da mutum ya ji a kowane lokaci: mai daɗi a sa mata ɗaya, marar daɗi a sa mata ɗaya-ƙasa-da-sifili. Na uku a ninka su biyun, a ga wane sashe ne ke ƙara hira da gurbin nan idan kalma ta canza, kamar mai son sanin wace maƙwabciya ke leƙo katanga in an yi baƙo.

Sau shida tana haɗawa a shagon cajin waya na Alfari, inda akwai wuta mai aiki da hasken rana da ɗan rezon intanet. Sau shida hoton na fitowa fari fat, ko ɗigo babu. Ta sake gurbin, ta duba lokutan, ta zagi injin, ta zagi kanta. Takaici ya hana ta cin abinci.

Ranar Laraba da hantsi tana zaune gindin mangwaro, uwarta Bibata na tsince shinkafa. Mairo ce 'yar farinta, don haka tun haihuwa bakin Bibata bai taɓa furta sunanta ba. "Ke" take cewa, in an matsa mata ta ce "waccan".

"Ke, mi ne ne cikin takardar ga da kike harara tun sahe?"

"Kalmomi ne, Inna. Masu daɗi gefe guda, mugaye gefe guda."

"Karanto mugayen mu ji."

Mairo ta karanta don dai a zauna lafiya. "Mutuwa. Yunwa. Zagi. Kunya. Cuta. Kawaici."

Bibata ta aje faifai. "Wa ya sa kunya nan?"

"Profesa ne ya jera su."

"Shina jin Hausa?"

"Ƙamus ya duba."

"To ƙamus ɗin nan ba ya da uwa. In an ce ɗiya tana da kunya, zaginta aka yi? Kawaici kuma, da shi na zauna da ubanki shekara talatin. Ki hidda su daga cikin yunwa."

Mairo ta sake duba takardar. Profesa ya ga "kunya", ƙamus ya ba shi kalmar Faransanci ta abin tozarci, ya jefa ta layin mugaye. Ita kuwa shekara biyu tana kallon jerin nan ba ta gani ba, domin ta saba karanta harshen uwarta da idon wasu. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ta bi jerin kaf ta tarar da kalmomi bakwai a gidan da ba nasu ba, har da kara da jin nauyi. Mutanen da ke cikin injin sun ji yabo, lissafi ya rubuta musu zagi, shi ya sa komai ya cinye juna.

Ta gyara layi na biyu, ta sake ninkawa, ta koma shagon Alfari. Kafin la'asar hoton ya fito da ja da ruwan ɗorawa a gaban ƙwaƙwalwa, daidai inda ta yi zato tun farko. Ta aika wa Profesa da dogon bayani kan kunya, saura kwana uku a rufe mata hanya. Ya amsa da kalma biyu ta yabo, daga nan ɗif.

Wata bakwai bayan haka, gada tana nan rufe, mutane na ƙetarawa a kwalekwale, Mairo ta ga binciken an buga. Sunaye biyar a sama, na farko wani ɗalibi ne da ya zo bayanta. Babban abin da suka ce sun gano shi ne Bahaushe na jin kunya a matsayin yabo. Can ƙasa, cikin ƙananan baƙaƙe, an gode wa "M. Y." saboda taimakon fassara. Da ta tambaya, Profesa ya ce dokar jami'a ce, ba a sa sunan wanda ba shi da rajista, kuma ransa ya ɓaci ƙwarai da halin da ƙasarta ke ciki.

Bibata ta ga idonta ya kumbura. "Aikin ya hito?"

"Ya hito, Inna."

"Gwada mini inda aka rubuta ki."

Mairo ta ja hoton wayar har ƙasa, ta ɗora yatsa kan baƙaƙe biyun. Ta ce sunan bai cika ba, farkonsa kawai aka sa. Bibata ta daɗe tana duba abin da ba ta iya karantawa, tana nema wa mutumin uzuri kamar yadda ta saba nema wa kowa.

"Ko ya ɗauke ki ɗiyar fari ne? Wataƙila kunyar sunanki shika ji."

Mairo ta karɓi wayarta ta kife a kan tabarma.

"A'a, Inna. Ke ce mai ita. Shi a ƙamus ya gan ta."