Gyatsar Angon Winarsih

Pak Sarwono bai taɓa son yaron ba. Wai Wahono, mai gyaran babur, shi ne zai auri Winarsih, 'yarsa tilo. Don haka da ya ji mura ta kama ango ana gobe ɗaurin aure, har ƙarin shinkafa ya ci don murna.

Kowa a ƙauyen ya san ƙa'ida: ango zai riƙe hannun waliyyi, ya faɗi karɓar aure da sadaki cikin numfashi ɗaya. In ya yanke, a sake. In ya kasa sau uku, a ɗage, dangi su yi ta tauna maganar har jikoki.

Da safe ga ango a kan tabarma, ido jawur, hanci kamar famfon da ya lalace, yana ƙaurin albasa da man kwakwa. Ta wuyan rigarsa ana hango jajayen layuka, inda uwarsa Bu Ngatmi ta kankare masa baya da tsabar kuɗi don iskar da ta shige shi ta fita.

"Bu, wannan ɗa kika kawo mana ko gasasshen kifi?" in ji Pak Sarwono.

"Yi dariyarka, Pak. Ya sha citta da zuma, ya sha lemon tsami, na ƙara masa kanumfari. Iskar ce ta yi taurin kai."

"Ta ga gida ne babu kowa a ciki."

Aka zauna. Pak Sarwono ya kama hannun ango, ya ji shi sharkaf da gumi, ya faɗi nasa. Wahono ya buɗe baki: "Na karɓi auren Winarsih..." sai atishawa. Shaidu suka girgiza kai.

Karo na biyu ya kai har sadaki. Nan cittar da lemon suka tuna da shi. Ya saki wata gyatsa da ta sa kajin tsakar gida suka watse.

"Alhamdu lillahi!" Bu Ngatmi ta rangaɗa daga cikin mata. "Ta fita! Ban faɗa muku ba?"

Wannan ce surukar da za a haɗa uban amarya da ita, matar da ke yi wa gyatsa guɗa a gaban malamai. Pak Sarwono ya gyara hularsa. Saura ɗaya, yaron ya koma wa baburansa.

"Ja numfashi, ɗana," ya ce, murya kamar zuma. "Kada ka yi gaggawa."

Wahono ya ja. Ƙirjin kuwa ya buɗe. Ya zubo maganar tiryan-tiryan, ko haɗiyar yawu bai yi ba.

"Ya ɗauru!" in ji shaidu.

Pak Sarwono ya zare hannunsa, ya goge a zanensa. Ana cikin addu'a ya ji hancinsa na ƙaiƙayi. Ya danne, ya danne, atishawar ta ƙwace.

Bu Ngatmi ta leƙo ta bayan labule, tana laluben tsabar kuɗinta.

"Kada ka damu, Pak. Ai yanzu an zama ɗaya."