Tururuwar da ke Cikin Dankalin Dinbi

Tun da Dinbi ta ga abin yana fitowa daga tsagin ƙasa a gindin dankalinta take ce wa kanta tururuwa ce. Jan wuya, baƙin baya, siraran ƙafafu, to me ya rage? Amma ta kasa ɗauke ido daga kansa.

Farin bana ya ƙone gonakin kan tudu ƙurmus. Ita ce ta sauka kwari wajen yayanta, ta ciko jakar saƙa biyu da yaɗon dankali, ta hawo da su da igiyarsu rataye a goshi, ta raba wa matan dangin mijinta su dasa. Mako uku ke nan ana sa mata albarka, har matan da a da ba sa amsa gaisuwarta. In irin nan da cuta ya zo, abincin kowa ta kashe.

Ta kama abin guda ɗaya ta dunƙule a hannu, ta nufi bukkar surukarta Wamil, ta same ta tana ba aladu ɓawo. Tsohuwar ba ta da haƙori ko ɗaya, amma idonta ko na yaro albarka.

Wamil ta sa ta buɗe hannun, ta taɓa abin da tsinke. Nan take ya kife gefe, ya naɗe ƙafafu kamar ya mutu.

"Kin taɓa ganin tururuwa ta yi wannan iya shege? Ai da tuni ta cije ki. Dubi bakinsa, 'yar nan."

Dinbi ta duba. Bakin dogo ne, ya miƙe gaba, ga 'yan gashi biyu sun tsiro a jikinsa, can wajen tsakiya. Tsohuwar ta ƙwanƙwasa bayansa da farce, ta ce ta ji tauri, wannan murfin fiffike ne, tururuwa kuwa cikinta laushi gare shi. Da ta juya shi a rana sai baƙin ya yi shuɗi-shuɗi. Ta ce dankalin da wannan ya shiga ɗaci yake yi, ko alade sai ya tofar.

Duk da haka Dinbi ta ce wataƙila guda ɗaya ne ya ɓato hanya. Suka koma gonar, Wamil ta tuge yaɗo ɗaya ta tsaga gindinsa da wuƙa. Ciki duk rami, ga farar tsutsa kwance ta ƙoshi.

Dinbi ta zauna a kan ƙasa. Tsoro ya cika ta, amma ta shiga lissafin gidaje. In ta fara yanzu, kafin rana ta faɗi za ta zaga su duka, a tuge a ƙone, a zage ta a gama.

"Mata sha ɗaya na ba, Inna. Zan iya."

Wamil ta goge wuƙar a zanenta.

"Sha ɗaya kika ba. A nan wa ke karɓar iri ta dasa ita kaɗai? Ni ma rabin nawa na aika wa 'yata, bayan dutse."