Ranar da Bamalli Ya Ƙi Sauka

A daminar 1978 ne abin ya faru, lokacin da ake auna filin sabon babban birnin ƙasa, sunan Abuja yana shirin barin tsohon gari ya koma can, a bar shi da Suleja. Bamalli ɗan unguwar Kurmin Sarki ne, kuma shi kaɗai ne matuƙin jirgin sama da unguwar ta taɓa haifa. Wani kamfani mai ɗaukar hoton ƙasa daga sama ne ya ɗauke shi aiki. Kamfanin ya share wani fili a bayan gari, ta wajen Dutsen Zuma, inda ƙaramin jirginsu yake sauka ya tashi.

Ƙanwa ɗaya gare shi, Rahmatu, matar wani tela mai suna Datti. Shekarunsu shida da aure kafin Allah ya ba ta ciki. Ta haihu cikin watan marka, ɗan bai zo da rai ba, jini kuma ya ƙi tsayawa. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, da gari ya waye ya ce sai an kai ta Kaduna. To, ruwa ya cinye wata gada a hanya, motoci sun yi layi ba mai wucewa.

Datti ya je gidan su Bamalli da gudu, takalmi a hannu. Bamalli bai tsaya dogon tunani ba. Ya sami shugaban aikinsu ya roƙi jirgi, aka ba shi. Suka cire kujerun baya suka shimfiɗa katifa. Wata nas mai suna Laraba ta shiga riƙe da robar ƙarin ruwa, Datti ya durƙusa a gefen matarsa. Mahaifiyar Bamalli da Rahmatu, Inna Mairama, ta biyo su har bakin fili. Ba wurin da za ta zauna a ciki, sai ta shafa goshin 'yarta ta ce, "Allah ya kai ku lafiya." Ta ja da baya ta toshe kunne saboda ƙarar inji.

Suna tashi Dutsen Zuma ya ɓace musu cikin gajimare. Daga nan har Kaduna ba su sake ganin ƙasa ba. Ko'ina fari fat, kamar an lulluɓe jirgin da auduga, ruwa yana dukan gilashi. Datti bai taɓa shiga jirgi ba. Ya ga Bamalli ko duban waje ba ya yi, idonsa na kan wasu agoguna da ke jere a gabansa.

"Yaya Bamalli, kana ganin hanya kuwa?"

"Ba na gani, ba kuma sai na gani ba. Wannan agogon yana gaya mini ko fukafukai a daidaice suke. Wannan yana gaya mini nisanmu da ƙasa. Wannan allurar kuwa, akwai wata na'urar rediyo a bakin filin Kaduna, duk inda take can allurar take nunawa. Ita nake bi."

Rahmatu ta buɗe ido a hankali. "Yaya, ashe dai ka ɗauke ni. Tun yaushe nake roƙonka."

"Ga shi yau na ɗauke ki. Kwanta ki huta, mun kusa."

Ta yi ɗan murmushi ta rufe ido. Laraba ta kama hannunta tana jin bugun jini.

Da suka kusa, Bamalli ya yi magana da mai kula da saukar jirage ta rediyo. Aka gaya masa ruwa ake yi sosai a Kaduna, gajimare ya sauko ƙasa ƙwarai, amma ya gwada. Ya wuce ta kan na'urar, allura ta juya, ya kewayo yadda ƙa'ida ta ce, ya rage ƙarfin inji, ya fara sauka a hankali.

A irin wannan sauka akwai iyaka. Matuƙi zai yi ta yin ƙasa bisa abin da agogo ya nuna har ya kai wani tsayi da aka ƙayyade. In ya kai nan ya hangi titin jirgi, sai ya sauka. In bai hange shi ba, dole ya koma sama, domin ƙasa da wannan tsayi akwai itatuwa da turakun waya da tuddai, kuma agogo ba ya nuna su.

Bamalli ya kai iyakar. Ya ɗaga kai ya duba, babu komai sai fari. Ya ɗan jira. Can ta gefen hagu gajimare ya tsage, wani rufin kwano ya bayyana, nan take ya sake rufewa. Datti ma ya gani.

"Ga ƙasa nan. Yaya, na ga gida. Sauka."

Bamalli ya tura wa inji wuta, hancin jirgi ya ɗaga.

"Me kake yi? Don Allah ka sauka. Jikinta ya yi sanyi."

"Ban ga titi ba, Datti."

"Ƙanwarka ce fa."

"Na sani. Sake mini kafaɗa."

Datti ya sake shi. Suka koma cikin farin nan, jirgi yana jijjiga. Kewayen da za a yi kafin a sake gwadawa yana da nisa, ba a kuma yanke shi. Bamalli yana jin Laraba tana kiran sunan Rahmatu a bayansa, da farko a hankali, daga baya da ɗan ƙarfi. Yana jin Datti yana salati. Bai waiwaya ba, don matuƙin da ya ɗauke ido daga agogo cikin gajimare jikinsa kan yaudare shi, ya ji kamar a miƙe yake alhali jirgi ya karkata. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya sake wucewa ta kan na'urar, ya sake kewayowa, ya sake yin ƙasa.

A karo na biyu, yana kaiwa iyaka sai ga fitilun titi a jere cikin ruwa. Tayoyi suka taɓa kwalta lafiya lau. Motar asibiti tana jira. Amma da ya kashe inji ya juya, sai ya ga Laraba ta riga ta cire robar ƙarin ruwa, ta ja zane ta rufe fuskar Rahmatu.

Ba hanyar mayar da ita gida a ranar saboda ruwa. Bayan la'asar aka yi mata sutura a Kaduna, mutanen da ba su san ta ba suka yi mata salla. Inna Mairama ba ta ga gawar 'yarta ba. Da suka dawo washegari suka gaya mata, sai ta tambaya ko an sami mata masu kirki da suka yi mata wanka. Laraba ta ce an samu, ita ma tana wurin.

Duk kwanakin zaman makoki Datti bai yi wa Bamalli magana ba. A tabarma ɗaya suke karɓar gaisuwa, kowa yana kallon gabansa. A unguwa kuma magana ta rabu. Wasu suka ce kwana ne ya ƙare, wasu suka ce Bamalli tsoro ya ji.

Sai bayan sadakar arba'in Datti ya same shi a zaure da hantsi. Ya zauna nesa kaɗan. Ya rame ƙwarai.

"Yaya Bamalli, tambaya ɗaya zan yi maka. Da ka sauka da farko, da ta rayu?"

"Na tambayi likitan Kaduna. Ya ce bai sani ba. Ya ce wataƙila."

Datti ya gyaɗa kai. "Da ka sauka ɗin, da mun faɗi?"

"Shi ma ban sani ba. Wataƙila da mun sauka lafiya. Wataƙila da mu huɗu aka binne."

"To, da yau ne, me za ka yi?"

Bamalli ya so ya gaya masa abin da zai sanyaya masa zuciya, amma ya kasa.

"Abin da na yi zan sake yi."

Datti ya share ido da bakin riga. Ya ce, "Allah ya jiƙanta." Bamalli ya ce amin. Datti ya tashi ya sa takalmi ya fita.

Kafin kaka ya kwashe kekensa na ɗinki ya koma Izom, wurin dangin mahaifinsa. Bamalli ya ci gaba da tuƙi, daga baya aka mayar da shi Legas. In salla ta zo sukan haɗu a gidan Inna Mairama, domin Datti bai taɓa fasa zuwa gaishe ta ba. Sukan yi musafaha, su tambayi juna aiki da gajiya. Ita kuma takan zuba musu abinci a kwano biyu, ta aika wa kowa nasa.